Abin da Ya Kashe Kifayen Injiniya

"Juyo min da cikinsa in gani," in ji Injiniya daga kan gado.

Na ɗaga 'yar komar da na tsamo kifin da ita, ruwa yana ɗiga a kan silifas ɗina. Kifin bai fi tsawon ɗan yatsana ba, idanunsa a buɗe, cikinsa da muka saba gani fari tas ya koma ruwan toka. Na kai masa shi har gaban hanci, amma ban juya komai ba, don ni ba na taɓa mushe. Shi da kansa ya sa bakin cokalin shayinsa ya juya shi.

"Ɗan Kwangila ne," ya ce. "Na uku ke nan."

"Allah ya ba da haƙuri," na ce, don ban san abin da ake faɗa a rasuwar kifi ba.

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin. Ba ta matso ba. Ta cusa hannayenta biyu a hammata kamar mai jin sanyi, ta juya ta koma ciki.

Ni tela ce, ƙofata tana kallon tasu a hawa na biyu na gidan benen da muke haya. Injiniya ba injiniyan takarda ba ne, gyaran layin waya ya yi har ya tsufa, yau yana kan falwaya gobe yana cikin rami, amma duk gidan babu mai kiransa da wani suna. Matarsa kuwa Manaja yake ce mata, wai don ita ke riƙe da makullai da hukunci, muka bi bakinsa, sai dai ni a gabanta Mama nake cewa. Su biyu ne rak a gidan, sai kifaye.

Kifayen nan talibambam ne, irin wanda in ya tsorata yake kumbura ya zama ƙwallo. Suna cikin wani akwatin gilashi mai tsawon teburin yankana, a jikin bangon falo. Ba sa zama a ruwan famfo, ba sa zama a ruwan teku, sai na zartsi, tsaka-tsaki, wanda Injiniya ke haɗawa da hannunsa da wani gishiri na buhu da ya hana kowa kusanta. Haƙoransu kuma ba sa daina tsiro, dole a riƙa ba su katantanwa suna fasawa, in ba haka ba bakin ya toshe. Saboda haka yana kiwon ƙananan katantanwa a wani baho a baranda. Ni dai kifi a faranti na san shi, kuma na sha faɗa masa cewa wahalar da yake wa waɗannan ta isa a yaye 'yan biyu.

Su biyar ne, ya raɗa musu suna bisa yadda suke cin abinci. Gwamna ke fara ci, sai ya ƙoshi Kwamishina ya matso, sannan Ɗan Kwangila, sannan Sakatare. Na ƙarshe wani ɗan tsamurarre ne mai laɓewa a bayan dutse, sai kowa ya watse yake fitowa ya tsinci ɓaraguzai. Shi ne Talaka.

Da zuciyar Injiniya ta gaji, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya sallamo shi gida da tukunyar iska da 'yar roba a hanci. Babu wanda ya ɓoye masa komai, shi ma bai nemi a ɓoye masa ba. Ya ce a fito da gadonsa falo, tsakanin akwatin kifi da ƙofar baranda. Daga nan Manaja ta karɓi hidimar kifin, kuma ba a daɗe ba Gwamna ya kwanta a ƙasan akwatin, ya daina ci, ya yi baƙi, ya mutu. Kwamishina ya bi shi.

Ranar da Kwamishina ya mutu ƙanwar Injiniya ta zo dubiya. Gwaggo muke ce mata, mace ce da ba ta iya zama a ɗaki ba tare da ta bar wa wani abin tunani ba. Ta leƙa akwatin, ta taɓe baki, ta ce da ni, amma da muryar da za ta kai kicin, "Shekara nawa Yaya yana riƙe da su lafiya lau. Wani hannun ko dutse ka ba shi riƙo sai ya tsage. Tun ba yau ba."

Wannan "tun ba yau ba" ɗin shi ne dafin. Sun taɓa samun ɗa guda ɗaya tal, ya rasu yana jariri, a hannun Manaja, a kan hanyar asibiti. Duk gidan mun san zancen, babu mai tayar da shi. Na so in mayar wa Gwaggo, har na buɗe baki, sai na tuna akwai mara lafiya a ɗakin. Har yau ina jin haushin shirun da na yi.

Daga ranar Manaja ta janye hannunta. Da farko daga kifin ne, ta ce ni in riƙa ba su abinci. Da Ɗan Kwangila ya mutu sai abin ya kai ga mijin. Ta daina miƙa masa kofi, sai ta ajiye a kan kujera ta koma gefe. Magani ni take kira in ba shi. Ƙafafun nan da take zama tana murza masa da mai kowace yamma, ta bar su, sai dai ta tsaya daga nesa tana kallonsu hawaye yana zuba. Tana dafawa, tana wankewa, tana kwana a kujera kusa da shi, amma ko gefen bargonsa ba ta yarda yatsanta ya taɓa.

"Rufe ƙofar kicin ɗin," Injiniya ya ce da ni bayan na zubar da Ɗan Kwangila. Na rufe, na dawo.

"Tela, ni ba kifin ne damuwata ba. Ina son su, amma kifi kifi ne. Matar nan tana ganin ita ke kashe su, kuma tana ganin in ta taɓa ni za ta ƙarasa ni. Na yi mata rantsuwa, na yi mata faɗa, ba ta ji. Ni kuwa tafiya zan yi ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, kuma in na tafi a haka, cewa za ta yi ita ce. Ba zan bar mata wannan kayan ba."

"To, me za a yi, Baba?"

"Abin da na yi duk rayuwata. Ruwa ba ya tsami banza. Mai waya ba ya yarda da kai sai ka nuna masa inda ta tsinke. Ke za ki zama ƙafafuna."

Haka na bar ɗinkin mutane a kan keke na zama ƙafafun Injiniya. Ya sa na tsoma wasu 'yan takardu masu canja launi a ruwan, ina kai masa yana gwadawa da launukan jikin kwalinsu. Ya sa na cika ma'aunin gishiri, allurarsa ta tsaya daidai inda ya yi mata alama tun tuni. Na taɓa hitar da ke ɗumama ruwan, tana aiki. Na buɗe injin tace ruwa na shinshina, ba wari. Ya tambaye ni ko an fesa maganin sauro a falon, ko an canja sabulu, ko wani ya wanke bokitin kifi da omo. Babu ko ɗaya. Na kira mai shagon da ya sayo su, ya ce a canja ruwa duka, a zuba magani kala biyu, a ƙara gishiri, a rage haske.

"Ki ce masa mun gode," in ji Injiniya. Da na kashe wayar ya ce, "In ka canja abu huɗu lokaci guda kifi ya warke, wanne ne ya warkar da shi? Ni ba warkewa kaɗai nake nema ba, mai laifi nake nema. In layi ya mutu ba ka bin gari kana zage-zage. Tsakiya kake zuwa ka raba shi biyu, ka ji wane ɓangare ne ke magana."

Sai muka raba layi. Akwai wani ƙaramin akwatin gilashi a ƙarƙashin gadonsu na ciki, na jawo shi, na wanke da ruwan zafi zalla. Na sayo sabon bokiti, na haɗa sabon ruwa yana faɗa min awo, muka bar shi ya kwana. Na kwashe Sakatare da Talaka na mayar da su ciki. Ruwa sabo, mazubi sabo, abinci shi ne dai na da, kuma ni kaɗai ke bayarwa.

Sakatare ya sami sarari, babu manya a kansa, ya ci katantanwa kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Kafin mako ya zagayo ya kwanta a ƙasa, ya yi baƙi, ya mutu.

Allah ya yafe min, murna na yi. Na ruga kicin da komar a hannu. "Mama, kin gani? Ni na haɗa ruwan, ni na ba shi abinci, ko kusa da shi ba ki je ba. In hannu ne, to nawa ne."

Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. "Ai abin ya riga ya shige shi tun da, 'yata. Ki bar wahalar da kanki."

Na dawo falo ina huci. Na ce wa Injiniya ni na gaji, wannan ba aikin allurar gishiri ba ne, a kira Gwaggo ta zo ta janye maganarta ko in je har gida in janyo ta. Ya bar ni na gama, yana ta jan iska ta robarsa.

"Ko ta janye ba ta janyu ba, magana zarar bunu ce," ya ce. "Amma mun ci rabin layi. Ba ruwa ba ne."

Washegari da safe na shiga baranda, na ɗebo katantanwa a kofi kamar kullum. Talaka ne kaɗai ya rage, yana bayan dutsensa, ido ɗaya a waje. Na ɗaga murfin akwatin ke nan Injiniya ya ce, "Tsaya."

Na tsaya da kofin a sama.

"Wa ya fara mutuwa?"

"Gwamna."

"Sai wa?"

"Kwamishina. Sai Ɗan Kwangila, sai Sakatare."

"In ruwa ya ɓaci, ko cuta ta shigo, wa take fara ɗauka, ƙaƙƙarfa ko rarrauna?"

"Rarrauna mana."

"To ga rarraunan can yana kallonki. Sun mutu ne bi da bi yadda suke layin cin abinci. Wanda ya fi ci shi ya fara tafiya." Ya yunƙura ya ɗago kansa daga matashi, abin da ya kwana biyu bai yi da kansa ba. "Talaka bai mutu ba don bai samu ba. Ajiye kofin nan, Tela, nesa da shi. Yau da ya zama shi kaɗai da kin kashe shi da gata."

Na ajiye kofin a ƙasa. Ya sa na ɗauko jatan lande daga firji, na yanka ƙanana na jefa. Talaka ya daɗe yana shawara kafin ya fito ya ɗauki guda ya koma.

Na ce a kira Manaja a faɗa mata. Ya ce a'a, da sauran aiki. Katantanwar nan jikokin jikokin waɗanda ya fara kiwo ne, a baho ɗaya, da ruwan famfo ɗaya, da ganyen latas ɗaya. Me ya sa za su zama guba yanzu? In bai amsa wannan ba, cewa za ta yi ai ita ta riƙa ɗebo su da hannunta. Na kawo masa kofin ya duba, suna ta yawo lafiyarsu ƙalau. Na je na leƙa bahon, na ce masa akwai wani ɗan maiƙo a saman ruwan, in haske ya buga yana yin launi-launi. Ya ce in kai shi ya gani.

Kai shi baranda ba ƙaramin aiki ba ne. Na ɗora hannunsa a wuyana, ina jan tukunyar iska da ƙafa, Manaja tana biye da mu tana cewa a yi a hankali, hannayenta a miƙe a bayansa amma ba su kai jikinsa ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Muka zaunar da shi a kujerarsa ta shan iska, wadda ke lungun inuwa a jikin bango. Bahon yana can ɗaya gefen, a gindin ƙarfen baranda.

Ya daɗe yana kallon bahon. Numfashi ya yi masa wuya, ya jingina kansa baya, ya ɗaga fuska sama don ya sami iska. Ni ina ta tunanin yadda za mu mayar da shi. Sai muka ji fuu, fuu, fuu daga barandar sama, bayan ɗan lokaci kuma ƙarar zuba ruwa. Wani ɗigo ya biyo leɓen simintin sama, ya taru, ya faɗo cikin bahon, ɗis. Wani ya biyo shi.

"Tara min," in ji Injiniya.

Na tara tafin hannuna, na kai masa. Ya cire robar daga hanci ya shinshina, ya miƙo min in ji. Wari ne kamar na kananzir da aka sirka.

"Hau ki gaishe min da Mai Furanni. Ki ce ina roƙonsa ya sauko da abin da yake fesawa."

Mai Furanni tsohon malamin makaranta ne da ke samanmu, mutum mai sanyin hali, barandarsa cike da tukwanen fure. Duk mako yakan sauko wa Injiniya da 'yan furanni a kwalba. Ya biyo ni da rigar shan iska da silifas, da wata kwalbar roba a hannu, yana tambayata ko warin ne ya dami mara lafiya. A matakala muka haɗu da Gwaggo tana hawowa da ledar lemo. Ban taɓa jin daɗin ganinta ba sai ranar.

Muka taru a ƙofar baranda. Injiniya ya karɓi kwalbar, ya sa tabarau, ya juya bayanta.

"Malam, yaushe ka fara fesa wannan?"

"Tun da wasu ƙananan ƙwari suka kama min ganye, wajen lokacin da aka sallamo ka daga asibiti. In na fesa sai in ba su ruwa. Wani abu ya faru ne?"

"Manaja, zo ki gani."

Ta matso. Ya ɗaga mata kwalbar, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan zane a ƙasan rubutun. Hoton busasshiyar bishiya ne, a gindinta ga kifi kwance, cikinsa a sama.

"Ba sai an iya karatu ba," ya ce. "Malam yana fesawa a sama, ruwa yana wanko shi, yana ɗiga a bahon can. Katantanwa tana shanyewa ba ta mutu ba, fatarta kauri gare ta. Kifi ya ci katantanwa. Gwamna ya fi kowa ci, ya riga kowa tafiya. Ga inda wayar ta tsinke."

Mai Furanni ya dafe kai yana salati, ya ce shi ya kashe su, a yafe masa, bai taɓa leƙowa ƙasa ba.

"A'a, Malam, kar ka ƙwace min," in ji Injiniya. "Shekara da shekaru kana ba furenka ruwa yana ɗiga a nan, bai taɓa shiga bahona ba, don bahon yana nan lungun da nake zaune, a rufe da bango. Wa ya ce a matsar da shi bakin ƙarfe don a sa masa kujerar shan iska?"

Ya juyo ya kalle ni.

"Tela, ke kika ja shi. Wa ya sa ki?"

"Kai ne, Baba."

"Ni ne!" Ya bugi hannun kujerar. "Laifina ne, ni da bakina."

Ban taɓa ganin mutumin da ya yi farin ciki da kama kansa da laifi irin haka ba. Ya yi dariya har ta zama tari, na mayar masa da robar, ya ture hannuna ya ci gaba da dariyar. Fuskar nan da ta yi wata da watanni a yamutse ta washe, ya koma Injiniyan da yake tare ni a matakala yana min ba'a a kan wuyan rigar da na karkace masa.

Gwaggo ta gyara riƙon ledarta. "Ni dai ban kama sunan kowa ba."

"Ba ki kama suna ba, kin kama hannu," ya ce. "Ki sake shi."

Ta ajiye lemon a kan tebur, ta ce tana da unguwa. Babu wanda ya raka ta.

Manaja ta karɓi kwalbar daga hannunsa. Ta daɗe tana kallon hoton, ta leƙa bahon, ta ɗaga kai ta kalli leɓen simintin, inda wani ɗigon yake taruwa. Ta jira har ya faɗo.

"Kai ka ce a matsar da shi," ta ce a hankali.

"Ni na ce."

"Na kuwa ce maka a bar shi inda yake, a sa kujerar a ɗaya gefen."

"Kin faɗa."

"Ka ce rana za ta dame ka. Kai ba a faɗa maka magana ka ji. Mutum yana kwance ma sai ya tsara wa mutane inda za su ajiye baho." Muryarta tana ta ƙara ƙarfi, irin wadda nakan jiyo ta bango a da in ya shigo da takalmi kan darduma. "Kifi huɗu. Ka sa na yi ta... Dubi ƙafafunka. Dubi yadda suka zama, kamar ba mai kula da kai."

Ta jawo 'yar kujerar tsugunne da ƙafa, ta zauna, ta ɗauki ƙafarsa ta dama ta ɗora a cinyarta. Ta ce in miƙo mata man da ke kan taga. Tana murzawa tana faɗa, tana faɗa tana kuka, shi kuwa ya lumshe ido yana cewa, "Haka ne, Manaja. Gaskiyarki." Mai Furanni ya sulale ya hau sama da kwalbarsa. Ni ma na juya zan ba su wuri, sai na ji Injiniya ya rage murya.

"Na wancan karon ma, na yaronmu, ba hannunki ba ne. Shi dai ba ni da kwalbar da zan nuna miki."

Ta sauke ƙafar dama, ta ɗauki ta hagu.

Bai daɗe ba bayan wannan, amma kwanakin da suka rage nasa ne. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ji labarin, daga Gwamna har ɗigon ruwa. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta ji sau biyu, mai kawo tukunyar iska ya ji yana tsaye da tukunya a kafaɗa. Kowane karo aikina a labarin yana raguwa, nasa yana ƙaruwa, na bar masa. Mai Furanni ya daina feshi, ya koma wanke ganyensa da ruwan sabulu, ya sa faranti a ƙarƙashin kowace tukunya, ya kuma sayo sabon baho mai murfi da sababbin katantanwa ya ajiye da kansa a lungun bango. Kujerar ta koma ɗaya gefen, inda Manaja ta ce tun farko.

Muka mayar da Talaka babban akwati. Kwana biyu yana laɓe a bayan dutse bai yarda gidan nasa ba ne, daga baya ya fara fitowa yana zagaye. Injiniya yana kwance yana koya wa Manaja aikin, ita ke yi yana kallo. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishiri ba ya tashi sama. In za a canja, kaɗan ake ɗiba, ba duka ba. Ta ce masa ta sani, shekara nawa tana kallonsa. Ya ce kallo daban, yi daban. Ta ce ya sha maganinsa ya yi shiru, ta tallafo kansa ta ba shi.

Da la'asar ya rasu. Ina kan keke na ji ta kira ni sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na same ta zaune a bakin gadon, kansa a kan hannunta na hagu, na dama a ƙirjinsa. Ta ce ruwa take ba shi da cokali, ya sha biyu, ya ce ya isa. Ita ta rufe masa ido. Na kashe tukunyar iskar, falon ya yi tsit, sai ƙarar injin tace ruwa. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata zan yi wa mutumin da ya sa na bar ɗinkin mutane ina shinshina ruwan kifi. Allah ya jiƙansa.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa aka fitar da gadon daga falo, na shiga wata safiya in ga ko tana bukatar wani abu daga kasuwa. Ƙofar a buɗe take. Tana tsaye a kan 'yar kujera a gaban akwatin, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, hannunta duka a cikin ruwa, tana kankare koren da ya kama gilashin ta ciki. Talaka ya yi ƙiba, cikinsa fari tas, yana bin gwiwar hannunta duk inda ta yi.

"Matsa mana in yi aiki," ta ce masa. Sannan, ba tare da ta juyo ba, "Miƙo min tawul ɗin nan, 'yata."